Yadda matan Hindu ke yin azumin Karva Chauth, tun daga cin asuba har kallon wata ta rariya

Duk wadda ta taso tana kallon fim ɗin Indiya a gidajenmu ta san wannan wajen, mace ta ci ado da jan sari ta hau saman bene da daddare ta ɗaga rariya ta leƙa wata ta ciki, sannan ta juyo da rariyar kan fuskar mijinta, shi kuma ya miƙa mata ruwa a baki. Mu dai muna yara mun ɗauka salon soyayya ne irin na 'yan fim kawai. Sai da karatu ya kai ni Delhi na kama ɗaki a gidan wata dattijuwa 'yar asalin Panjab sannan na gane ashe abin da muke gani a minti ɗaya ƙarshen wani dogon yini ne, azumi ne sosai ba ci ba sha, sunansa Karva Chauth, kuma yawancin hidimarsa ma ba da miji ake yi ba, tsakanin mata ne, uwar miji da matar ɗanta da maƙwabta.

Bari in faɗa tun yanzu, ni Musulma ce, ban yi azumin ba kuma ba cewa nake wani ya yi ba, ibadarsu ce ta addininsu. Amma yanzu 'yan uwanmu da yawa suna zuwa Indiya, wasu karatu wasu jinya wasu sarin kaya, kuma ni a ganina in kina zaune da mutane ya kamata ki san ranar da maƙwabciyarki ba ta sa ko ɗigon ruwa a bakinta ba, ki san me take yi da kuma dalilinta. To ga yadda abin yake daki-daki.

Abu na farko shi ne gano ranar. Kalandarsu ta addini da wata take tafiya kamar tamu, sai dai su suna ƙara wata guda kusan duk bayan shekara uku don lissafin ya daidaita da na rana, shi ya sa azumin ba ya zagaye shekara yadda Ramadan ke yi, kullum a Oktoba ko farkon Nuwamba yake faɗowa. Ana yinsa a watansu na Kartik, rana ta huɗu bayan wata ya cika, kalmar chauth ɗin ma ma'anarta kenan, ta huɗu, shi kuma karva 'yar tukunyar ƙasa ce mai hanci kamar buta. A 2023 ya kama 1 ga Nuwamba, a 2024 kuma 20 ga Oktoba, a 2025 sai 10 ga Oktoba. In kina bin kwanan watan Musulunci za ki ga wajen 17 ko 18 ga wata yake zuwa, lokacin da wata ya fara jinkirin fitowa, ki riƙe wannan don shi ne duk wahalar azumin. Bai fi sati biyu ba tsakaninsa da babban bikinsu na fitilu wato Diwali. Matan aure ne ke yinsa da niyyar roƙa wa miji tsawon rai da lafiya, kuma ya fi ƙarfi a arewacin ƙasar, Panjab, Haryana, Delhi, Rajastan da Uttar Pradesh, in kina kudu irin su Chennai ba lallai ki ga alamarsa ba sai dai a gidajen da suka zo daga arewa.

Sai jajibere, ranar lalle da kasuwa. Wallahi kamar daren sallah a wajenmu, kasuwanni irin su Lajpat Nagar da Karol Bagh ba masaka tsinke, masu zanen lalle sun jera kujeru a bakin titi har tsakar dare kuma abin da ya ba ni mamaki yawancinsu maza ne, kuɗin ƙunshin ma tashi yake a ranar. Abin da mace za ta tanada ba shi da yawa amma kowanne da aikinsa, tire na ƙarfe, karva ɗin nan, rariya sabuwa ko wadda aka ajiye don wannan rana, 'yar fitilar ƙasa mai lagwanin auduga irin aci-balbal ɗinmu, turaren tsinke, shinkafa ɗanya kaɗan, alewa, awarwaro, sai sindur wato jan garin nan da matan aurensu ke zizarawa a tsagar gashi. Har tire da rariya da tukunya ake sayarwa haɗe an yi musu ado da kyalli.

Mataki na gaba shi ne sargi, in ce miki sahur ɗinsu kenan, kuma nan ne na fara ganin zurfin abin. Ba mai azumin ke haɗa wa kanta ba, uwar miji ce ke shiryawa ta ba matar ɗanta, in ba gida ɗaya suke ba ta aika tun kafin ranar ko ta tura kuɗi a saya da sunanta. Wannan al'adar ta fi ƙarfi a wajen mutanen Panjab. Ana tashi wajen ƙarfe 4 na asuba a yi wanka, a ci kafin rana ta fito. A ciki akwai feni, wata siririyar taliya ce da ake jiƙawa a madara da sukari, akwai matri wani soyayyen fulawa mai gishiri dangin cincin, sai kwakwa, rumman, tufa, kashu da zabibi, shayi, da ruwa mai yawa. Nama dai babu. Mai gidan da nake haya, wadda nake kira Anti ita kuma take ce min beti wato 'yata, tun ƙarfe 3 da rabi na ji motsinta a kicin tana ɗora madara saboda matar ɗanta, alhali ita kanta mijinta ya rasu ba ta cikin masu azumin. Bayan an ci sai mace ta ƙulla niyya, daga nan an rufe baki.

Yinin kansa babu abin faɗa da yawa. Nirjala suke ce masa, ma'ana babu ruwa, daga fitowar rana har fitowar wata. Masu aikin ofis suna tafiya abinsu da lallensu a hannu, na gida kuma ana rage musu aiki, gidaje da yawa ba a taɓa allura ko almakashi a ranar. A Delhi rana na fitowa wajen 6 da 'yan mintuna a wannan lokacin, wata kuma sai wajen 8 na dare, kin ga awa 14 kenan kusan, in kika haɗa da lokacin da aka gama cin asuba ya fi haka. Mu da muke azumi mun san daɗin jin kiran magariba, su kam magariba za ta yi, isha ta yi, suna nan suna jira.

Da la'asar sakaliya ake shiga ibadar, kuma wannan shi ne zuciyar ranar ba rariya ba. Mace za ta sake wanka ta yi kwalliya irin ta amare, ja ko ruwan goro ko ruwan zinari, baƙi da fari ana kauce musu, wadda wannan ne azuminta na farko sau da yawa kayan aurenta take mayarwa. Sai matan layi ko na gidan bene ɗaya su taru a tsakar gidan wata ko a filin unguwa ko wurin bautarsu, su zauna a ƙasa su yi da'ira, kowa da tirenta a gaba, fitila a kunne, ruwa a cikin karva. A tsakiya ake ajiye hoto ko siffar abar bautarsu Parvati wadda suke kira Gauri, matar wani babban abin bautarsu Shiva, galibi tare da Shiva ɗin da 'ya'yansu Ganesha da Kartikeya, wasu gidajen da yumɓu suke ƙera siffar da hannunsu. A sa mata sindur da fure, a kunna turare.

Daga nan sai wata dattijuwa ko malaminsu ya ba da labarin azumin, dole ne a saurara, ba a ɗaukar azumin ya cika in ba a ji shi ba. Labarin wata ce mai suna Viravati, ita kaɗai ce mace a cikin 'yan uwa maza 7, ta zo gidan iyayenta ta yi azuminta na farko bayan aure, kafin dare ƙishi ya galabaitar da ita, yayyenta suka kasa jure ganinta a haka sai suka rataye madubi a bishiyar pipal, wata bishiya dangin ɓaure da cediya, suka sa ya yi haske kamar wata ya fito, wasu masu ba da labarin kuma cewa suke wuta suka kunna daga nesa. Ta yarda ta buɗe baki, tana fara ci sai ga saƙo mijinta ya mutu. Ta yi ta kuka har abar bautarsu ta bayyana ta gaya mata yaudarar da aka yi mata, ta ce ta sake azumin yadda ya dace, da ta sake sai mijin ya dawo da rai. Kowace mace a wajen ta haddace labarin nan tun tana yarinya amma sai ki ga an yi tsit, kuma shi ne dalilin da ya sa ba wadda za ta sha ruwa don wani ya ce mata wata ya fito, sai ta gani da idonta in dai sama ba a rufe take ba.

Ana cikin labarin ana tsayawa a yi waƙa, a nan ne matan Panjab ke zagaya da tire, kowa ta miƙa nata ga ta gefenta yana tafiya hannu zuwa hannu har ya dawo mata, sau 7 ake yi. A waƙar suna tuna wa juna abin da ba a yi a ranar, kar a yi kaɗi, kar a tashi mai barci. A Uttar Pradesh da Rajastan kuwa tukunyar ake musanyawa tsakanin mata biyu. Ni daga bakin ƙofa na tsaya ina kallo, fitilu kusan 20 suna yawo a hannun mata masu bushasshen leɓe, ba wadda ta bar tiren 'yar uwarta ya karkace, abin ya taɓa min zuciya gaskiya. In an gama sai matar ɗa ta ɗauki baya, wato kyautar kayan zaƙi da tufafi ko kuɗi wadda yawanci mahaifiyarta ce ke aikowa, ta miƙa wa uwar mijinta ta durƙusa ta taɓa ƙafarta, ita kuma ta sa mata albarka. Da asuba uwar miji ta ciyar, da yamma an rama mata.

Sai jiran wata, kuma nan ne ake jin jiki. Yara ake turawa saman bene su yi gadi, maza suna ta duba waya, gidajen talabijin suna sanar da lokacin kowane gari. Indiya agogo ɗaya take amfani da shi duk faɗinta, saboda haka matan Kolkata da ke gabas suna riga na Delhi sha, na Mumbai kuma su ne a baya. In hadari ko hazon hayaƙin Delhi ya rufe sama sai jiran ya ƙara tsawo, wasu su kira 'yan uwa a wata unguwa su ji ko an gani, wasu in abin ya yi yawa su fuskanci inda yake fitowa su yi ibadar bisa lokacin da kalanda ta nuna.

Da an hango shi, mace za ta fito da tirenta mijin na tsaye a gabanta. Ta ɗora fitila a cikin rariyar ko a kan tire, ta ɗaga ta kalli wata ta cikin rariyar, ta tsiyaya ruwan karva a hankali wajen da watan yake a matsayin hadaya, argya suke ce wa wannan, tana addu'ar tsawon ran mijinta. Sannan ta juyo ta kalli fuskarsa ta cikin rariyar. A wasu wuraren ba rariya ake sawa ba, inuwar watan ake kallo a cikin ruwa ko ta cikin mayafi. Gidaje da yawa takan sunkuya ta taɓa ƙafarsa, shi kuma ya ɗauki ruwa ya ba ta kurɓin farko da hannunsa ya sa mata alewa a baki, shikenan an sha ruwa. Sai a sauko a ci abinci gaba ɗaya, puri wato soyayyiyar gurasa, da wake da kayan lambu da wani abin zaƙi da suke kira halwa, ba nama, wasu ko albasa da tafarnuwa ba sa sawa.

Su kansu ba bakinsu ɗaya ba a kan azumin. 'Yan ajinmu mata akwai waɗanda suka ce min ba za su taɓa yi ba, me zai sa mace ta yini da ƙishi don miji shi yana cin abincinsa, kuma ban ga laifin tambayar ba. Shi ya sa yanzu za ki ga magidanta matasa da yawa suna yin azumin tare da matansu. Mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon suga kuma ana sassauta musu, su sha shayi ko ruwan 'ya'yan itace bayan an gama labarin yamma, wasu su bar shi gaba ɗaya. Wadda mijinta ke aiki a Dubai ko Kanada ta waya ake yi, ta ɗora rariyar a kan fuskarsa a kiran bidiyo.

In kin samu kanki a cikinsu a ranar, ba sai kin shiga ibadar ba kuma ba wadda za ta tilasta ki, ni da na ce wa Anti addinina bai ba ni damar zama a da'irar ba cewa ta yi ba komai beti, ta jawo min kujera a gefe. Ki cire takalmi in za ki matso kusa, kar ki tsallake tire ko fitila, kar ki ɗauki hoto sai kin tambaya, kar ki tsaya gaban mai azumi kina shan ruwan sanyi da rana tsaka. In kina so ki kyauta mata ki riƙe mata yara da yamma ko ki hau bene ki taya su duba wata, ki fuskanci gabas tun 8 saura kwata, don ƙasa-ƙasa yake fitowa jajur a tsakanin gine-gine kafin ya yi fari, in ba ki lura ba sai ki ɗauka fitilar wani gida ce.