Ƙananan motocin gefen layin dogo: kurakuran da aka fi yi wajen saye da roƙon kamfanoni

Duk inda masu gina ɗan ƙaramin layin dogo a kan tebur suka haɗu, da wuya a tashi ba a yi ƙorafin motoci ba. Kawunan jirgi akwai su iri-iri, taragu ma sai wanda ka zaɓa, amma da an zo kan motocin da za a jera a titin bakin tasha sai kowa ya shiga lissafin abin da kamfanoni suka ƙi ƙerawa. Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya. Sai dai laifi tudu ne, mu ma masu saye muna tsaye a kan namu. Abin da muke roƙo daban, abin da muke ɗauka idan mun ga kaya daban, abin da ɗan garin da muka gina yake buƙata kuma daban.

Bari mu fara da ma'auni, don a nan sabon shiga yake fara zubar da kuɗinsa. Mutum ya shimfiɗa layinsa a ma'aunin HO, wato 1:87 (abin gaske ya ninka na tebur sau 87), sai ya kwaso motocin wasa na Hot Wheels ya zuba a titi saboda ga su da araha, ga su da kyau. To waɗannan wajen 1:64 suke, ma'aunin da ya dace da layin S, wanda ya fi HO girma. Motar da tsawonta ya kai mita 5 a zahiri, a HO milimita 57 za ta zama, a 1:64 kuwa milimita 78. Ka tsayar da ɗan mutum-mutumin HO, wanda tsayinsa bai wuce milimita 20 ba, kusa da irin wannan mota, za ka ga rufinta ya shige kansa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ko baƙon da bai san komai game da harkar ba zai ji wani abu bai zauna daidai ba. Na Matchbox sun fi rikitarwa, domin tun asali ana ƙera su ne su cika kwali ɗaya, shi ya sa za ka ga babbar mota da ƙaramar mota tsawonsu guda. Juya ta ka duba cikinta, sau da yawa an buga ma'aunin a wurin.

Akwai ruɗanin da ya fi wannan ɓoyuwa. HO da OO na Ingila a kan faɗin titin jirgi ɗaya suke gudu, milimita 16.5, amma OO 1:76 ne, saboda haka motarsa ta fi ta HO girma a fili. Kamfanin Oxford Diecast yana yin duka biyun, kwalayen kuma sukan yi kama, sai ka karanta. Ma'aunin N, wanda ya fi HO ƙanƙanta, shi ma gida uku ne: 1:160 a Amurka da yawancin Turai, 1:148 a Birtaniya, 1:150 a Japan, inda kamfanin Tomytec yake fitar da motoci da bas-bas masu yawa. Wannan ɗan bambancin ido yana yafe shi muddin ba ka jera su kafaɗa da kafaɗa ba. Masu ma'aunin O na Amurka kuwa, da jiragensu suke 1:48, sun daɗe da haƙura da motocin 1:43 saboda su suka cika kasuwa. Maganin duka abu ɗaya ne: ka nemi tsawon motar gaske, ka raba da lambar ma'auninka, ka ɗora rula kafin ka biya. In kuma ka riga ka saya, kada ka zubar. Wadda ta yi girma ka matso da ita gaba, nesa da taragu da mutane; wadda ta yi ƙanƙanta ka kai ta can ƙurya, za ta sa wurin ya yi kamar yana da nisa. Wasu da gangan suke sa motocin N a bayan shimfiɗar HO saboda haka.

Sai zamani. Kowa ya san kada a sa motar 1990 kusa da jirgi mai tururi, wannan ba ya buƙatar bayani. Inda ake faɗawa shi ne mutum ya ce garinsa na 1955 ne, sai ya cika titi da motocin 1955 zalla, kamar ranar ɗaya duk mutanen garin suka yi sayayya. Titin gaske tarkace ne na shekaru goma ko ashirin da suka wuce, da 'yan sababbi jefi-jefi. A Amurka an daina ƙera motocin farar hula a farkon 1942 saboda yaƙi, ba a koma ba sai 1945, don haka wanda yake kwaikwayon 1948 ya kamata motocin shekarun 1930 su rinjayi titinsa, har da tsohuwar Ford Model A, wadda aka daina yi tun 1931, tana fakare a gindin shago. Ga kuma wata 'yar ƙa'ida: motocin Amurka sukan fito kasuwa a kakar shekarar da ta gabaci sunansu. Chevrolet ta 1957 za ta iya bayyana a ƙarshen 1956, amma a tsakiyar 1956 ba ta da hurumi.

Tunda an ambaci wannan Chevrolet, ga babban kuskuren, wanda kuma shi ya fi shafar abin da kamfanoni suke fitarwa. Muna sayen mota ne don ta burge mu ita kaɗai a tafin hannu: Chevrolet Bel Air mai kala biyu, Porsche, Corvette, jar motar kashe gobara mai tsani. Kamfani yana ganin abin da yake ƙarewa a kanti, sai ya ƙara yin irinsa. Bayan shekara biyu mu dawo muna kukan babu motocin talakawa. Ɗan ƙauyen da yake da tasha ɗaya da shago uku amma ga motocin tsere huɗu da na kashe gobara biyu, ai ba gari ba ne, wurin baje koli ne. Abin da titi yake nema shi ne motar da ba wanda zai waiga ya kalla: mai ƙofa huɗu fara ko ruwan toka, doguwar motar iyali, a-kori-kura mai lotsattsen baya, motar rarraba kaya, tifa, tankar mai, motar kwashe shara, tasi. Masu kwaikwayon shekarun 1970 zuwa 1990 su suka fi shan wannan wahala, kuma a ganina kukansu ya fi na kowa hujja.

Yadda ake roƙon ma akwai gyara. Kafin ƙaramar mota ɗaya ta fito, sai an sassaƙa ƙarfen zubi wanda ake ɗura roba ko narkakken ƙarfe a ciki, kuma wannan ne yake cinye jarin. Sannan in za a sa sunan kamfanin motar da tambarinsa, yawanci sai da lasisi, shi ma kuɗi ne. To wanda ya rubuta wa kamfani yana neman wata mota da aka yi shekara ɗaya tak a kala biyu, don kawai irinta mahaifinsa ya taɓa hawa, ya nemi abin da ba zai mayar da jari ba. Ka nemi wadda ta daɗe ana ƙerawa ba a sauya mata fuska ba, wadda kuma za a iya fenta ta da sunaye barkatai. Babbar motar Ford C misali ce mai kyau: daga 1957 har 1990 kanta kusan iri ɗaya ne, ta ɗauki akwati, ta ja tirela, ta yi aikin kashe gobara, shi ya sa kamfanin ƙananan jirage na Athearn ya iya fitar da ita a kamanni da dama. Haka bas ɗin New Look ta kamfanin General Motors, wadda ta fara fitowa a 1959 ta yi aiki a birane masu yawa na Amurka da Kanada. Kamfanin Rapido Trains ya ƙera ta a HO, kowane gari da fentinsa. Roƙon da ya faɗi shekarun da motar ta yi a titi, da masu aikin da suka yi amfani da ita, da guda nawa kai kanka za ka saya, ya fi dogon yabo shiga kunne. Kuma in an yi sanarwar za a ƙera, aka buɗe karɓar oda tun kafin kaya su fito, ka sa sunanka. Kamfanoni da dama da yawan odar farko suke yanke shawarar ci gaba ko fasawa. Mutum ya shekara yana kuka, abin nema ya samu, sai ya ce bari ya jira a karya farashi. Gobe in an fasa, wa za a zarga?

Sauran kurakuran na bayan saye ne, gyaransu kuma na yamma ɗaya ne. Mota ta fito daga kwali tana walƙiya kamar an shafa mata mai, alhali kusa da ita ga tarago ka ɓata kwana biyu kana yi masa tsatsa. Rufe gilasanta da tef, ka fesa mata siririn fenti marar ƙyalli, ka ɗan goga ƙura da burushi a tayoyi da ƙasan ƙofofi. Kada fentin ya taɓa gilashi, zai yi hazo. Tsarma baƙin fenti sosai ka bar shi ya gangara cikin ragar gaba da tsagin ƙofofi, nan take fuskar motar za ta fito. Goga ƙasan tayoyin kaɗan a kan samfefa don ta zauna kamar mai nauyi, maimakon ta tsaya a kan tsini. Motar da take tsakiyar titi babu direba kuwa, ko dai ka buɗe ta ka zaunar da mutum, ko da sai ka datse masa ƙafafu, ko ka kai ta wurin fakin. Ni na fi son ta biyun: motar da aka faka, ko wadda take jiran jirgi ya wuce a mahaɗa, tsayuwarta tana da dalili. Mai son su yi tafiya da gaske akwai tsarin kamfanin Faller, inda motar take ɗauke da batir, ɗan maganaɗisu a gabanta yana bin wayar ƙarfe da aka binne a titi, amma wannan sai an tsara shi tun kafin a shimfiɗa titin.

Titin ma a duba shi. Hannu ɗaya mai faɗin mita 3.5 yana cin milimita 40 a HO, mutane kuwa sukan matse shi don su samu wurin ƙarin layin jirgi, sai ka ga tirela biyu ba za su iya giftawa ba. A lura da hannun tuƙi: Birtaniya da Japan da Ostireliya hagu suke bi, sitiyarinsu a dama. Mai kwaikwayon Suwidin kuwa sai ya san shekararsa, domin ranar 3 ga Satumba 1967 ƙasar ta koma hannun dama.

Motar da ka tabbata ba kamfanin da zai taɓa yi, yanzu firintar 3D tana fitar da ita, kuma akwai masu sayar da irin waɗannan ba fenti. Ka dai shiga da sanin cewa aikin naka ne: wankewa, goge layukan da na'urar ta bari, fentin share fage, sannan kala. Da yawa tagoginsu a toshe suke zuwa, sai ka shafa musu baƙi ko shuɗi mai duhu ka ɗora mai ƙyalli a kai. Irin wannan ka ajiye ta a layi na biyu, bayan wadda take da gilashin gaske.