Yadda ake alƙalancin wasan futsal na unguwa

Yawancin rigimar da ke tashi a wasan 'yan biyar-biyar daga wuri ɗaya take fitowa: yara su shigo ƙaramin fili da dokokin babban fili a kansu, rafali ma haka. Wannan yana ihun satar gida, wancan ya ɗauki ƙwallo zai yi jifa da hannu, gola ya rungume ta kamar ba gobe. Alhali futsal wasa ne mai dokokinsa na kansa tun da wani malamin motsa jiki, Juan Carlos Ceriani, ya ƙirƙiro shi a birnin Montevideo na Yurugwai a 1930. FIFA ta fara gasar duniyarsa a 1989, Najeriya ma ta buga ta 1992 a Hong Kong. Don haka idan 'yan Ƙofar Ƙaura da 'yan Ƙofar Marusa suka haɗa wasan sada zumunci suka miƙa maka usur, ga yadda za ka riƙe shi.

Ka riga kowa zuwa fili. Ka zo da usur, katin gargaɗi da jan kati, agogo, biro da 'yar takarda. Idan filin sumunti ne, sa a share shi tas, musamman da hunturu, domin siririn yashin da iska ke zubawa shi ke kwashe ƙafar yaro ya faɗi ta ƙeya. Ka girgiza raga da hannunka. Faɗinta mita 3 ne, tsayinta mita 2, kuma irin ta ƙarfe da ake ɗauka a ajiye tana iya rikitowa kan gola, sai a danne gindinta da buhunan yashi. Ƙwallon futsal lamba 4 ce, ba ta tsalle sosai. Ɗaga ta sama da kanka kamar mita 2 ka sake ta. Tashinta na farko kada ya gaza santimita 50, kada ya wuce 65, wato wajen gwiwar babban mutum. Wadda ta tashi har ƙugu ta babban fili ce. Sai ka auna ɗigo biyu a gaban kowace raga, na mita 6 don fanareti da na mita 10, ka shata su da alli ko fenti. Takalmi mai ƙusa ba ya shiga, zobe da sarƙa da agogo kowa ya cire.

Sannan ka kira kyaftin biyu tsakiyar fili, ku yi magana a gaban juna. Tun ran gini ake ran zane, kuma wannan mintin biyun ya fi duk wani kati da za ka ɗaga daga baya amfani. Ka gaya musu ƙarara: babu satar gida, babu jifa da hannu, daƙiƙa huɗu ce kan ƙwallon da za a tayar daga gefe, kwana, bugun tazara ko hannun gola, laifi kuma ana tara shi. Ku daddale maganar lokaci. A doka minti 20 ne kowane zagaye, ana tsayar da agogo duk sanda ƙwallo ta fita, shi ya sa wasan kan ci fiye da awa guda. Wanda ya kama hayar fili na awa ɗaya, ko aka fara bayan la'asar sakaliya ga magariba na tafe, ba zai iya haka ba. Sai ku yarda agogo ya yi ta tafiya, a riƙa tsayar da shi a minti biyun ƙarshe kawai, don kada mai rinjaye ya cinye lokaci da ɗaure igiyar takalmi. Kowace ƙungiya tana da hutun minti ɗaya a kowane zagaye, kuma sai ƙwallo na hannunta ta kuma fita daga wasa za ta nema.

Akwai abu ɗaya da nake so a ƙara a wannan yarjejeniya in dai a kan sumunti za a buga: a hana zubewa ƙasa a share ƙafar mutum. Dokar yanzu ba ta hana shi gaba ɗaya ba in an taɓa ƙwallo cikin tsabta, amma waɗannan yaran gobe da safe wani shago zai buɗe, wani aji zai shiga, babu mai biyan kuɗin ɗori. Ku amince duk wanda ya zube kusa da abokin hamayya an busa.

Da an take wasa, wurinka bakin layi ne, ba tsakiyar fili ba. Filin ya yi ƙanƙanta, in ka shiga ƙwallo za ta yi ta dukanka. A babban wasa alƙalai biyu ne, kowa da gefensa, ga na uku, ga mai riƙe agogo. Kai da kake kai kaɗai, tsaya gefen da 'yan benci suke, ka nemi wani dattijo ko malami da ba ya goyon kowa ya riƙe maka lokaci da lissafin laifi.

Ƙirgen daƙiƙa huɗu kada ka yi shi a zuci. Ɗaga hannu sama, ka riƙa buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya kowa na gani, in da hali har da murya. Ka fara ne daga sanda ɗan wasa ya samu ƙwallo ya kuma shirya bugawa, ba tun tana gangarawa bayan 'yan kallo ba. In ta fita ta gefe, a kan layi za a ajiye ta tsaye cik, a buga da ƙafa, abokan hamayya su ja baya mita 5. Wanda ya wuce daƙiƙa huɗu, bugun ya koma wa ɗaya ɓangaren. In kwana ce ya ɓata lokaci, ƙwallo ta zama ta golan abokan hamayya. Kuma bugun gefe da ya shige raga kai tsaye ba tare da ya taɓa kowa ba, ba ci ba ne, komai ihun da za a yi.

Yanzu ga inda aikin yake. Duk laifin da hukuncinsa bugun tazara ne na kai tsaye, wato taɗiye, turi, riƙe riga, duka, taɓa ƙwallo da hannu, ana rubuta wa ƙungiya shi. Na farko zuwa na biyar, ana buga su yadda aka saba, da katanga. Daga na shida a zagaye guda, babu katanga: a ajiye ƙwallo a ɗigon mita 10, gola ya tsaya aƙalla mita 5 daga ita, sauran 'yan wasa su koma bayanta, mai bugu kuma dole raga zai nufa, ba zai miƙa wa wani ba. In an yi laifin a wurin da ya fi ɗigon kusa da raga amma wajen da'irar gola, mai bugu ya zaɓi inda ya fi so. Bayan hutun rabin lokaci lissafi ya koma sifili. Laifin daƙiƙa huɗu da na mayar wa gola ba sa shiga wannan lissafi.

Wannan doka ita ce garkuwar ƙaramin yaro mai iya yanka a gaban ƙaton da ƙarfi kawai ya sani. Rafalin da ya ƙi tara laifi don gudun surutu ya sallama yaron ke nan. Amma ba ta aiki sai kowa ya san inda lissafi ya tsaya. Kowane laifi ka faɗa da ƙarfi: "Masu ja, uku!" Da sun kai biyar ka buɗe tafin hannunka gaba ɗaya, ka kira kyaftin ɗinsu: "Kyaftin, biyar ke nan, na gaba mita goma ne." Za ka ga ƙafafu sun yi sanyi nan take. In kuwa ka yi shiru sai a na shida ka nuna ɗigo, rantsuwa za a yi ta yi cewa huɗu ne. Haka in ka bar wasa ya ci gaba don wanda aka yi wa laifi yana da dama, ka nuna da hannu, da ƙwallo ta fita ka sa a rubuta laifin. An bar shi ya wuce ne, ba a yafe ba.

Gola ma ka sa masa ido. In ƙwallo ta fita ta bayan raga da hannu zai jefa ta, cikin daƙiƙa huɗu. A rabin filinsu ba zai riƙe ta fiye da haka ba, ko a hannu ko a ƙafa. In ya ba ɗan'uwansa, ba za a dawo masa da ita a rabin filinsu ba sai abokin hamayya ya taɓa ta. In aka yi, bugun tazara ne wanda ba na kai tsaye ba. Da ya tsallaka tsakiya kuwa, ɗan wasa ne kamar kowa.

Canji ba shi da iyaka kuma ba a tsayar da wasa dominsa, sai dai a gaban benci ake yinsa, mai fita ya fita tukuna mai shiga ya shiga. Wanda ya yi gaggawa katin gargaɗi ne. Jan kati kuma ya bambanta da na babban fili: wanda aka kora ya tafi ke nan, amma bayan minti 2, ko da zarar an zura musu ƙwallo suna da ƙarancin mutum, wani ya maye gurbinsa. Ƙungiyar da ta koma ƙasa da mutum uku, a tsayar da wasa.

A wasan unguwa sau da yawa wanda ka busa wa ya girme ka, wataƙila abokin yayanka ne. Ka ba shi girmansa a baki, kada ka ba shi a hukunci. "Yaya, yi haƙuri, riga ka ja, a idona," ya wadatar, sai ka matsa ka ci gaba. Ƙorafi ta bakin kyaftin kaɗai za ka saurara. In wani abu ya wuce ka ba ka gani ba, kada ka ƙirƙiro laifi a ɗaya gefen don ka rama musu, 'yan wasa suna ganewa, kuma daga nan kowa zai fara neman nasa rabon. 'Yan kallo su ja baya taku biyu daga layi. In sun matso, tsayar da wasa har su koma.

Idan lokaci ya cika daidai sanda ka ba da fanareti ko bugun mita 10, kada ka tashi wasa, doka ta ce a buga shi. Ka sanar cewa shi ne na ƙarshe, a buga, ƙwallo ta shiga ko gola ya tare ko ta fita, sannan ka busa tashi. Ka rubuta sakamako da sunayen waɗanda suka karɓi kati, kyaftin biyu su duba kafin a watse.