Kurakuran da muke yi wajen adana ilimin kiwo a intanet

Kawuna ya haura shekara hamsin yana bin shanu tsakanin Mai Wurno da Damazin a Sudan. In ya dubi kashin saniya da safe, ya san abin da ke damunta tun ba ta kwanta ba. Damina biyu na yi ina ɗaukar muryarsa a waya. Da yaƙi ya iso jihar Sinnar a 2024, muka fito da kayan jikinmu, aka karɓe wayar a wani shinge, ta tafi da hirar nan kaf. Da na gaya masa sai ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka ana zuba hatsin shekara a rumbu ɗaya?"

Kuskuren farko ke nan, kuma kusan kowa yana yin sa. Za ka ji mutum ya ce ai ya tura a guruf. WhatsApp zaure ne na hira, ba rumbu ba ne: saƙon yana zaune a wayoyin mutane, ranar da waya ta cika aka share, shi ke nan. A watan Fabrairun 2024 ma layukan waya suka ɗauke a yawancin Sudan. Ba mu kaɗai abin ya ci ba, rumbun irin shuka na ƙasa da ke Wad Madani an wawushe shi bayan faɗuwar garin a Disamban 2023. Gyaran shi ne a raba ajiya uku: ɗaya a katin waya da aka cire aka ɓoye, ɗaya wurin ɗan'uwa a Jidda ko Kano, ɗaya a buɗaɗɗen rumbun intanet. Internet Archive yana karɓar murya da bidiyo kyauta. Zenodo, wanda cibiyar binciken kimiyya ta CERN ta buɗe a 2013, shi ma kyauta ne, kuma yana ba kowace ajiya lamba ta dindindin da ake kira DOI, wadda za a nemo ta da ita ko bayan shekaru.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na suna. Mu nan bakinmu biyu ne, Hausa a gida, Larabci a kasuwa, sai mu rubuta da ɗaya mu manta ɗayan. Ka rubuta "garad" kawai, makiyayin Katsina ba zai gane 'ya'yan bagaruwa kake nufi ba. Ka rubuta "gawo" kawai, likitan dabbobi a Gadarif ba zai san haraz ɗinsa ne ba. Aduwa ita ce hijlij, 'ya'yanta lalob, kanwa atrun, ciwon ɓoru mai kama baki da kofato shi ne abu lisan. A jera sunayen biyu, a ƙara na kimiyya in an tabbatar da shi, kamar Faidherbia albida ga gawo. In ba a tabbatar ba, kada a yi canki-canka. A ɗauki hoton ganye da ɓawo da 'ya'ya, da hannun mutum a gefe don a ga girma, masana su ƙarasa. Shi kansa fayil ɗin a raɗa masa suna. Lambobin da waya ke liƙa masa ba wanda zai nema. "Maganin zawon maruƙa, Sinja, damina 2023" ya fi su sau dubu.

Sai awo da lokaci. "A ba ta kaɗan" ba awo ba ne. Malwa, ma'aunin hatsi na Gadarif, ba mudun Kano ba ce, ratal kuwa bai kai rabin kilo ba, saboda haka a auna da kilo ko lita a rubuta, a faɗi girman dabbar. Lokaci kuma rai ne a wannan sana'a. Wani zai yaba dawar da ake kira abu sab'in a matsayin abincin shanu, gaskiya ya faɗa, amma ya bar abin da kowane dattijo ya sani: ƙaramar dawa da gyauron da ya tsiro bayan yanka, musamman in fari ya taɓa su, suna ɗauke da guba mai iya kayar da saniya nan take. Mai karatu daga nesa ba shi da kawun da zai tsawata masa.

Akwai kuma cakuɗa "na gani" da "an ce". A rubuta sau nawa aka gwada, a rubuta har wanda bai ci ba, don mu mun iya ɓoye asara. Cuta mai yaɗuwa irin zazzaɓin Rift Valley, da ya kashe mutane a Sudan a 2007, ba ta sassaƙe ba ce, a ce a kira likita. Kuma a daina tsallake mata. Sanin nono da awaki da kaji yawancinsa yana cikin gida, wurin su Inna da Gwaggo, mu kuwa muna ta zarya a gindin bishiyar dattawa.

Na ƙarshe, izini. Wikimedia Commons, rumbun hotuna da murya na intanet, ba ya karɓar abu sai da lasisin da ya yarda kowa ya ɗauka ya yi amfani, har da na kasuwanci, kuma in ka bayar ba a janyewa. Ka yi wa mai ilimin wannan bayani da bakin da yake ji, ka ɗauki amincewarsa a farkon hirar, ka tambaye shi ko yana son sunansa ya fito. A halin da ake ciki kada ka saka yawan garke, ko inda yake kwana, ko hoton da shaidar jikin shanu ta fito fili. Waya ma tana liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi, sai a kashe wannan tun kafin a shiga garke. Sunan jiha da shekara sun isa.