Yadda na gyara wasan da ke ƙin buɗewa

Duk sanda aka ɗauke wuta a Garwa aka dawo da ita, wasan kwamfuta da na saya da kuɗina sai ya ƙi buɗewa. Makullin DRM ne, mai tantance lasisi ta intanet. Yaron shagona ya ce, "Kawu, mu sa kwafin sata mana." Na ƙi, a irinsu ake ɓoye manhajar kwashe kalmar sirri.

Ashe batirin CR2032, ɗan ƙaramin batirin da ke riƙe agogon kwamfutar, ne ya mutu, duk ɗaukewar wuta agogon na komawa baya, makullin ya daina yarda da lasisin. Na canza batirin, na saita kwanan wata, na jona intanet ɗin waya sau ɗaya, na kunna tsarin wasa ba intanet. Tsofaffin wasanni kuwa, yanzu a GOG, shagon wasanni na intanet, nake saye, nasu ba makulli.