Yadda za ka sa baktiriya ta cinye sukarin totuwa duka

Totuwar masara ba ta wuyar samu a Kano. Masu gasa masara a Kabuga zubar da ita suke yi. Ka shanya, ka niƙa, ka dafa da asid mai rauni, sannan ka zuba sinadarin da ke narkar da selulos, wato zaren da ke ba totuwa tauri. Sukarin da zai fito gauraye yake: gulukos, zayilos mai yawa, da ɗan arabinos.

Baktiriyar da za ka ba wannan sukari ita ce E. coli, matsalarta kuwa kwaɗayi ce. Sai ta cinye gulukos tas, ta yi jim, kafin ta waiwayi zayilos, kamar yaron da ya tsince nama ya bar tuwo. Masanin kimiyya Jacques Monod ya bayyana wannan hali a Faransa tun farkon shekarun 1940.

Ni dai ba na barin ɗalibi ya fara da ruwan totuwa. Fara da tsantsar sukari a ruwan M9 (ruwan gishirin renon baktiriya), giram 5 na gulukos da 5 na zayilos a lita, a zafin digiri 37, kana ɗiba duk awa biyu. A nan nake yawan faɗa da yara: gwajin DNS, mai auna sukari ta sauyin launi, jimillar sukari kawai yake nunawa, ba ya gaya maka wanne aka ci, wanne aka bari. Ko da roƙo, nemi inda ke da na'urar HPLC, mai ware kowane sukari ta auna shi daban.

Daga nan sai ka cire ptsG, ƙwayar gadon babbar ƙofar shigar gulukos, ta hanyar cire ƙwayar gado da masana Datsenko da Wanner suka fitar a 2000. Da zarar ƙofar ta rufu, takunkumin da gulukos ke sa wa xylA da xylB, ƙwayoyin gadon cin zayilos, zai sassauta, ta riƙa cin biyun tare. Amma fa girmanta zai ja baya, don yanzu gulukos ta ƙananan ƙofofi irin GalP yake lallaɓawa. Kada ka karaya. Yi ta sauya mata sabon ruwa, kana zaɓar wadda ta fi saurin girma, kana daskarar da kaɗan a gilisarol. Firjin ya zama mai sola, ka san halin wutarmu.

In itanol kake so, saka mata pdc da adhB, ƙwayoyin gadon yin itanol na baktiriyar Zymomonas mobilis, kamar yadda masani Lonnie Ingram ya yi a Fulorida ta Amurka.

Sai yanzu ruwan totuwa. Dafuwar asid na haifar da wani sinadari mai suna furfural, wanda ke hana ta girma; ɗaga pH (ma'aunin tsami) na ruwan zuwa 10 da kalsiyam haidiroksaid, ka tace, ka mayar 7.

Sauya halittar baktiriya na ƙarƙashin hukumar NBMA mai sa ido kan sauya halittu a Najeriya, wadda aka kafa a 2015, don haka nemi izini tun kafin ka fara. Kuma duk kwalbar da ka gama da ita, turara ta a tukunyar matsi a digiri 121 don kashe baktiriyar kafin ta ga kwata.