Yadda za ka auna kananzir a gida ka gane ko an gauraya shi da fetur

Jama'a wannan maganar ta dame ni wallahi, kananzir mai haɗi da fetur shi ne yake fashewa a risho ko fitila ya ƙona mata da yara. Kuma da sikeli ƙarami na dijital, irin na masu yin kek, za ka iya kama mugun haɗi.

Kowane abu da nauyinsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, kananzir yana tsakanin 0.78 zuwa 0.82, fetur kuma ya fi shi rashin nauyi, wajen 0.72 zuwa 0.77. Wannan shi ake cewa densiti.

Toh ka samo kwalbar gilashi busasshiya mai siririn wuya, ka ɗaura zare a wuyan a matsayin alama. Auna ta ba komai a ciki, mu ce ta ba ka giram 200. Zuba ruwa daidai zaren, sikeli ya nuna 700, kaga ruwan 500 kenan. Zubar, ka kife ta a rana ta bushe ƙarau, kar ka yi gaggawa a nan don ɗigon ruwa yana ɓata lissafi. Sai ka zuba kananzir shi ma daidai zaren, ka durƙusa idonka ya yi daidai da alamar. In ya nuna 600, cire 200 saura 400, raba 400 da 500 ka samu 0.80, lafiya lau. In ka ga 0.75 ko 0.76 kar ma ya shiga kicin.

A waje za ka yi, a inuwa, nesa da murhu da mai shan sigari. Zafi yana ɗan rage nauyin mai, shi ya sa a depon mai suke lissafin nauyinsa a zafin digiri 15, don haka in kana da kananzir da ka yarda da shi ka auna su tare ka kwatanta.

Amma fa ka ji nan, awon nan babban haɗi kawai yake kamawa. In fetur kashi 10 ne cikin 100 za ka samu wajen 0.79, kamar ba komai, alhali ya isa ya kama da wuta, don kananzir sai zafinsa ya kai wajen digiri 38 tururinsa yake kamawa, na fetur kuwa ko cikin sanyin hunturu tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Don haka ko awo ya yi kyau ka shinshina, in ka ji warin fetur mayar wa mai shi. Kuma dan Allah kar a ƙara wa fitila ko risho mai yana ci, a kashe ya huce tukuna.