Yadda Mace Mai Bi Za Ta Sasanta da Jikinta

Mata da yawa sun haddace cewa Allah yana ƙaunarsu, suna kuma rera hakan a sujada, amma da zarar sun tsaya gaban madubi sai wata murya dabam ta karɓe zancen: tumbi ya fito, fata ta yi duhu, ƙirji ya zube, gashi ya karye. Idan kina cikin masu jin wannan murya, aikin da ke gabanki shi ne ki daina barin madubi da bakin mutane su yanke miki daraja, tunda Mahaliccinki ya riga ya yanke ta tun ba ki san kamannin fuskarki ba.

Ki fara da gano inda muryar ta samo asali. Ki ɗauki mako guda kina rubuta duk kalmar da kika jefi jikinki da ita, ko a zuci ne, sa'an nan ki tambayi kanki wanda ya fara faɗa miki ita. Sau da yawa za ki tarar ba taki ba ce, aro kika yi daga wata 'yar uwa mai yawan tsokana, ko abokiyar makaranta, ko wani da ya taɓa neman aurenki. Wani lokaci kuma wayar hannunki ce. A shekarar 2021 an fallasa binciken cikin gida na kamfanin Facebook mai mallakar Instagram, wanda ya nuna cewa kashi 32 cikin 100 na 'yan mata matasa da aka tambaya sun ce idan suna jin haushin jikinsu, Instagram yana ƙara musu jin haushin. Hotunan da kike gwada kanki da su an zaɓe su ne daga cikin masu yawa, an gyara haske, an matse ƙugu, an goge ƙuraje, har mai hoton ma ba haka take ba idan ta tashi daga barci. Duk shafin da kika lura kina fita daga cikinsa da ƙuncin rai, ki daina bin sa ba tare da neman uzuri ba.

Bayan haka sai ki koma ga Littafi Mai Tsarki, ki karanta shi a hankali kamar wadda ake magana a kanta. Farawa 1:27 ta ce Allah ya halicci mutum cikin siffarsa, namiji da mace, kuma ba a gindaya sharaɗin tsawo ko launi ko nauyi ba. Zabura 139:13-14 ta nuna Allah yana harhaɗa mutum a cikin mahaifiyarsa, mai zaburar kuma yana yabonsa saboda wannan aiki mai banmamaki. Ki karanta waɗannan ayoyi da murya, ki ambaci gaɓar da kika fi ƙi da sunanta, hanci ne ko cinya ko haƙora, ki yi godiya saboda aikin da take yi miki. Da fari za ki ji kamar ƙarya kike yi, amma ki ci gaba, domin tunanin da aka yi shekaru ana shukawa ba ya tumɓukewa a rana ɗaya.

Labarin Lai'atu a Farawa 29 ya cancanci ki daɗe a kansa. An rubuta a sarari cewa ƙanwarta Rahila ce kyakkyawa, ita ce kuma mijinsu Yakubu yake so. Lai'atu ta haifi 'ya'ya uku tana raɗa musu sunaye cike da begen ko mijinta zai juyo gare ta, sai a haihuwa ta huɗu ta sauya magana, ta ce wannan karon za ta yabi Ubangiji, ta sa wa yaron suna Yahuza. Daga zuriyar wannan yaro Dawuda ya fito, daga ita kuma Almasihu ya zo. Haka nan a Luka 13, matar da ta yi shekara 18 a tanƙware, wadda ba shakka an fi saninta da lalurarta, Yesu ya warkar da ita ya kuma kira ta 'yar Ibrahim a gaban jama'a.

A nan akwai kuskuren da ya kamata ki kauce masa. Wasu sukan ɗauki 1 Bitrus 3:3-4 su mai da ita bulala a kan duk macen da ta gyara gashi ko ta sa tufa mai kyau, alhali Nassi da kansa ya ambaci kyan Saratu da Rifkatu da Abigel da Esta ba tare da zargi ba. Abin da manzon yake ja wa kunne shi ne jingina daraja a kan ado, kyan jiki kuwa Karin Magana 31:30 ta ce ba ya ɗorewa. Ki yi kwalliyarki, amma ki gwada kanki da wannan: idan wata rana ba ki samu yin ta ba, za ki iya shiga cikin mutane da sakin fuska?

Kula da jiki kuwa amana ce, domin 1 Korintiyawa 6:19-20 ta kira shi haikalin Ruhu Mai Tsarki. Kafin ki shafa wani abu ko ki haɗiye shi domin sauya kamanninki, ki tambayi kanki ko za ki yarda a yi wa 'yarki haka. Sau da yawa man sauya launin fata da ake sayarwa ba bisa ƙa'ida ba yana ɗauke da sinadarai masu haɗari, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa sinadarin makuri, wato zaiba, da ke cikin wasunsu yana lalata ƙoda da jijiyoyi. Wasu kuma suna sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Haka ƙwayoyin ƙara ƙiba da na rage ta da ake sha ba tare da likita ba. Ki ci abinci don ki sami ƙarfi, ki motsa jiki don lafiya, ki yi barci isasshe. Ki kuma yi wa kanki gaskiya game da azumi: idan sikeli kike dubawa maimakon addu'a, to horon yunwa kike yi wa kanki da sunan ibada. Idan har kin kai ga tsoron abinci, ko tilasta wa kanki amai bayan ci, ko al'adarki ta ɗauke saboda rama, wannan ciwo ne da ke iya kisa, kuma zuwa wurin likita ba raunin bangaskiya ba ne. Ki yi addu'a, ki kuma je asibiti.

Jikin da ya haihu ko ya manyanta yana bukatar tausayi na musamman. Nankarwa a ciki, tabon tiyata a ƙasan cibiya, nonon da ya shayar, furfura a gefen kunne, duka shaidar rayuwar da aka yi ce. Ki sayi tufafin da suka dace da jikin da kike da shi yau, ki bayar da waɗanda kika ajiye kina jiran ranar da za ki koma yadda kike kafin aure, domin ganinsu kullum ƙara miki takaici yake yi.

Sai kuma harshenki a kan wasu. Yakubu 3:9 ta tsawata wa bakin da yake yabon Allah yana kuma la'antar mutanen da aka yi cikin kamanninsa, kuma "kai, kin yi ƙiba" ko "me ya ramar da ke haka" a ƙofar ikilisiya na iya bin mace har gida, ko da da wasa aka faɗa. 'Ya'ya mata suna koyon kallon jikinsu daga yadda uwa take maganar nata, saboda haka kada ki kushe kanki a gabansu, kuma idan za ki yabe su ki haɗa da haƙurinsu da basirarsu da riƙon gaskiyarsu. Idan mijinki ne ko wani na kusa yake yi miki ba'a da jikinki, ki zaɓi lokacin da hankali yake kwance, ki faɗa masa ainihin kalmar da ta yi miki ciwo, ki roƙe shi ya daina. Idan ya ƙi ji, ki nemi wata dattijuwa mai riƙe sirri a ikilisiya, ko fasto tare da matarsa, su zauna da ku.